Taɓon da Tattabara Ta Kawo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa a kan ƙasa, ya ɓoye wata ƙasar a ƙarƙashin ruwan, ya cika ta da mazaunan da ido bai isa ya gani ba. Ku gyara zama, ku mutanen tudu, masu ɗaga kai ku dubi tauraro ku san gabas. Zan ba ku labarin inda sai an sunkuyar da kai ake sanin hanya, da abin da ya same ni a can, ni Tasalla 'yar Nomau, mai karatun taɓo ta birnin Tarwasa.

Tarwasa tana bakin wani teku da ake kira Tekun Lulluɓi. Tun zamanin kakannin kakanninmu gajimare bai taɓa yayewa daga kansa ba. Rana takan zo mana kamar fitila a bayan zane, taurari kuwa a bakin fatake kawai muke jin labarinsu. To jirgin da ba ya ganin sama, da me zai san inda yake? Da ƙasan teku.

Ga yadda ake yi. Akwai dunƙulen darma mai rami a gindi. A cika ramin da kitse, a ɗaura igiya, a sake shi har ya taɓa ƙasa. In aka jawo shi sai a tarar taɓo ya manne a kitsen. A cikin taɓon nan akwai wasu halittu da muke kira 'yan ɗaki. Yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu ma sai da madubi mai ƙara girma ake ganinsu. Ba kai, ba ido, ba hanji. Ɗigon rai ne guda ɗaya tal, ya gina wa kansa ƙwanso, in ya yi masa kaɗan ya ƙara ɗaki a gefe, ya sake ƙara wani, kamar magidancin da iyali ke yi wa yawa. Akwai mai kama da tulu, akwai mai naɗi kamar gammo, akwai mai jere kamar kitso, akwai fari kamar tangaran, akwai wanda ake hango cikinsa kamar kwalba. Kowane yanki na teku da irin nasa. Na bakin kogi daban, na wuri mai zurfi da sanyi daban, na kusa da murjani daban. Wanda ya san su, in an ba shi taɓo cikin cokali ɗaya, zai gaya maka inda jirginka yake. A kundin gidanmu, wanda kakata ta fara, mahaifiyata ta ci gaba, ni kuma na ƙara, akwai zanen iri ɗari huɗu da goma sha biyu.

Gidajen masu karatu goma sha ɗaya ne a Tarwasa, kuma duk abu ɗaya muke alfahari da shi: wanki bakwai. In taɓo ya zo hannunki, za ki zuba shi a rariya mai laushi, ki wanke da ruwan daɗi sau bakwai, kina murzawa da yatsa, har ƙwansunan su fito fari tas. Sannan ki shanya a faranti, ki ƙirga, ki duba kundi. Wadda farantinta ya fito da dauɗa, ƙazama ake ce mata, kuma ba sarkin jirgin da zai sake ɗaukarta.

Haka aka koya mini, haka na koya wa ƙanwata Yalwa. Na girme ta da shekara goma sha biyu, ni na raine ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Idonta ya fi nawa kaifi, amma ba ta da haƙurin wanki. Kullum in ta kai na huɗu sai ta ɗago kai.

"Yaya, ko gawa ba a yi mata wanka bakwai."

"Rufe mini baki ki ƙara ruwa."

"Wata rana za ki wanke su har su ɓace, ki zauna kina karanta rariya."

"Na biyar, Yalwa."

A shekarar da nake ba ku labari fari ya cinye gonakin tudu, sai manyan gari suka shirya wani jirgi mai suna Balbela ya nemi sabuwar hanya zuwa kudu, inda aka ce akwai hatsi. Mutum talatin da ɗaya ne a ciki. Aka nemi mai karatu, ni da bakina na ba da sunan Yalwa. Ranar tafiya na duba jakarta sau biyu, na ƙara mata rariya ɗaya. Ta yi dariya ta ce, "Ki ajiye mini tuwona, Yaya, kada ki wanke shi."

Akwai al'adar da duk jirgin Tarwasa yake bi. Yakan tafi da tattabara ɗaya. In ya shiga uku, ba a rubuta inda ake, tunda ba wanda ya sani. Sai a ɗebi taɓon wurin, a cusa a guntun kara, a toshe da kakin zuma, a ɗaura wa tattabarar a ƙafa. Taɓon shi ne wasiƙar.

Wani hantsi ina share tsakar gida tattabarar Balbela ta sauka a kan randa. Ba wanda ya ga ta inda ta ɓullo. A jikin karan an naɗe 'yar takarda da rubutun Yalwa, mai kwanan wata na kwana uku baya: "Mun hau kan yashi, jirgi ya fashe. Ruwan sha na kwana arba'in in mun yi tsimi. Yaya, karanta."

Kafin azahar gidanmu ya cika. Matan ma'aikatan Balbela suna zaune a ƙofa, manyan masu karatu suna tsaye a kaina. Na fasa kakin. Taɓon bai fi rabin ƙwayar goro ba. Ɗabi'ata ce in raba komai biyu, don haka na raba, na mayar da rabi cikin karan na sake toshewa. Ɗaya rabin na zuba a rariya. A wanki na uku zuciyata ta ce ya isa, amma idon manya na kaina. Na cika bakwai. A gindin kwanon wankin na ga wani baƙin gari kamar kwalli. Na watsar da shi bayan ɗaki.

Ƙwanso ɗari da arba'in na samu. Casa'in daga ciki wani iri ne da muke kira mai yatsu biyar, wanda kundi ya ce ba ya zama ko'ina sai a Tsibiran Murjani, can gabas. Na ƙirga sau uku. Manya suka karɓi madubi suka duba, suka ce haka ne.

Wanda ya yarda ya kai mu wani tsohon sarkin jirgi ne, Barmo, mai kunne ɗaya da ba ya ji, bakinsa ba ya rabuwa da goro. Da na faɗa masa sai ya juyo mini kunnen mai ji.

"Malama, maimaita. Gabas kika ce?"

"Gabas, Sarkin jirgi."

"Mutanen nan kudu suka nufa. Ni na kwance musu igiya."

"Iska ce za ta karkatar da su. Abin da na gani na faɗa maka."

Ya daɗe yana tauna. "To, ke ce mai ido. Ni itace kawai nake tuƙawa."

Muka tashi a rana ta biyar cikin arba'in ɗin, da randunan ruwa sittin. Na samu alli na ja layi arba'in a bangon ɗakina na cikin jirgi, na goge biyar da suka riga suka wuce, kowace safiya in goge ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya muka yi kafin mu ga Tsibiran Murjani. Wuri ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Yashinsu ba yashi ba ne, ƙwansunan mai yatsu biyar ne zalla, tudu bayan tudu, fari har yana kashe ido. In ka taka sai ka ji ƙasa tana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Mutanen wurin kan ruwa suke gina ɗakunansu, a kan dogayen sanduna, matansu kuma su ke nutso, hannuwansu jajaye har gwiwa da wani rini. Muka kewaye tsibiran nan kwana huɗu, muna buga ganga, muna kiran sunaye. Ko guntun katako ba mu gani ba. Duk wanda muka tambaya sai ya girgiza kai: rabonsu da ganin baƙon jirgi tun bara.

A rana ta ashirin da ɗaya na sauka bakin ruwa da asuba na ɗebi taɓo, ko zan ga inda na yi kuskure. Ina cikin wanki na biyar sai na ji an fisge rariyar. Mata ne kusan goma, jiƙe da ruwa, suna nuna ni suna hayaniya. Suka riƙe ni ta hannu biyu suka haura da ni wani ɗaki, suka durƙusar da ni gaban wata tsohuwa da ke gyaran komar kamun kifi. Iya Daso suke ce mata, ita ce babbarsu.

Ta dubi rariyata, ta dube ni. "Ke 'yar nan, me suka yi miki?"

"Su wa, Iya?"

"Waɗanda kika zuba wa ruwan daɗi. Ke in aka tsoma ki a tafasasshen ruwa sau biyar, za ki iya faɗin sunan garinku?"

Na gaya mata ko ni wace ce, na gaya mata labarin Yalwa, na nuna mata kundi. Ta juya shi sama da ƙasa, ta ce zanen yana da kyau. Sannan ta sa aka kawo ƙwarya, aka zuba taɓo kaɗan, aka rufe shi da ruwan teku.

"Zauna nan. Kada ki taɓa. Sai na ce ki duba."

"Iya, ba ni da lokaci. Kowace rana randa ɗaya ce take ƙarewa a wurinsu."

"Kwana nawa kika yi kina sauri?"

"Goma sha shida."

"Ina ya kai ki?"

Na zauna. Daga hantsi har azahar ina gaban ƙwaryar nan, matan suna gadina, ina jin kamar in fasa ihu. Da ta ce in duba, na ɗora madubi a kan ruwan.

Suna motsi. Daga 'yan hudojin ƙwanso wasu zare-zare sun fito, sun fi gashin jariri siriri, suna miƙewa, suna haɗuwa, suna jawo ƙurar abinci. Wani yana jan ɗakinsa a hankali, ya bar sawu a kan taɓo. Shekara talatin ina kallon gidajensu, ban taɓa ganin mai gida ba. Amma ba duka ke motsi ba. Da yawa suna kwance fari fat, ba kowa a ciki.

"Waɗancan kangwaye ne," in ji Iya Daso. "Mai yatsu biyar nan ake haifarsa, nan yake mutuwa. In ya mutu ɗakinsa ba nauyi. A ƙarƙashin tekun nan akwai kogi, mu masu nutso muna jin sanyinsa a ƙafa. Shi yake kwashe kangwayen ya tafi da su kudu maso yamma, kwana da kwanaki. Ke kin wanke kowa ya zama fari, kin haɗa mai gida da baƙo, kin ƙirga baƙi sun fi yawa, kin biyo su garin iyayensu."

Na zaro guntun karan daga ƙirjina. "Akwai saura. Amma kwana ashirin da ɗaya ke nan, duk sun mutu."

"Kawo."

Ta juye shi a ƙoƙo, ta ɗiga masa rinin nan na hannuwansu, wanda suke dafawa daga wata jar ciyawar ruwa. Ta ce rinin ba ya kama ƙwanso, nama yake kamawa, ko da mai shi ya mutu, in dai bai daɗe ba. Muka jira kamar tsawon dafa shayi, ta tsiyaye da ruwan teku a hankali.

Masu yatsu biyar duk suna nan fari, ba ɗaya da ya ɗauki launi. Guda huɗu kaɗai suka yi ja kamar zoɓo. Ban san su ba. Babu su a kundinmu, babu su a kundin kowa. Ba ƙwanso suka yi ba, ƙwayoyin baƙin yashi suka tsinto ɗaya ɗaya suka manna a jikinsu kamar mai gina katanga da tsakuwa. Na kai tsinke na taɓa ɗaya. Ya ruguje ya zama baƙin gari kamar kwalli.

Na tuna abin da na watsar bayan ɗaki.

"Ina ne ake samun baƙin yashi, Iya?"

"Ba namu ba ne. Kakata ta ce kogin yana ƙarewa a inda ƙasa take baƙa, ruwa yana hayaƙi. Can yake dukan dutse ya taso sama ya zubar da kayansa."

"Kwana nawa?"

"'Yar nan, da na sani da na faɗa miki." Ta cika mini gora da rinin, ta riƙe hannuna. "Ki bi gawarwakin. Sun san hanya."

Da na koma jirgi na gaya wa Barmo komai, ban rage ba. Na so ya zage ni. Sai ya tofar da goro a ruwa ya ce, "Kwana nawa suka rage?"

"Goma sha tara."

"To me muke jira? Ku ja ƙugiya!"

Ga yadda muka bi kogin da ba ma gani. Sau shida a wuni ake sakin darma. In taɓo ya fito da kangwayen mai yatsu biyar, muna kan kogi. In babu, mun kauce, sai mu karkata har mu sake samunsu. Kuma na lura da wani abu: kullum muka ƙara nisa, yatsun suna ƙara gogewa. Daga biyar suka koma huɗu, suka koma uku, har suka zama dungu. Da haka nake auna tafiyarmu.

Mun ratsa abubuwan mamaki waɗanda da wani lokaci ne da sun ishe ni labarin shekara. Mun bi ta kan wani rami da igiya uku da aka ƙulla suka kai gindinsa da ƙyar, darma ta fito da ɓallin wani ɗan ɗaki da faɗinsa zai kai faifai. Mun wuce inda kifaye masu haƙori kamar zarto suka gane daɗin kitse, suna cinye shi kafin darma ta sauka, har ya ƙare, na koma cika ramin da man kaɗanyar da nake shafawa. Kowace jawowa sai na ga iri uku ko huɗu da ba su cikin kundi, ja jawur, da ransu. Ban zana ko ɗaya ba. Baƙin yashi kawai nake nema.

A rana ta ashirin da tara iska ta mutu.

Ku mutanen tudu ba ku san wannan ba. In dabbarku ta gaji kuna iya sauka ku taka da ƙafa. Mu zanen da iska ke tura jirginmu da shi ya saki jiki kamar wanki a igiya, ruwa ya kwanta kamar mai a faranti. Mutanen Barmo suka gwada tuƙi da filafilai har tafukansu suka fashe, amma jirgin cike yake da randuna, bai yi tafiyar kirki ba. Wani ya ce a zubar da rabin ruwan a rage nauyi. Barmo ya ce, "Mu je musu da me, da gaisuwa?"

Kwana shida muna nan. Kowace safiya in goge layi ɗaya. Ina zaune a tsakanin randuna sittin, ƙanwata tana wani wuri tana lasar gindin ƙoƙo. Na daina shan rabona. Barmo ya lura, ya zo da moɗa ya tsaya a kaina.

"Sha, Malama."

"Ba na jin ƙishi."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba. Ƙishirwarki ba ta kai mata ruwa. In idonki ya dushe wa zai karanta mini taɓo, wannan kurman kunnen?"

Na sha. Ban daina sakin darma ba, ko da yake ba inda muke zuwa, don hannuna ba ya iya zama haka kawai. A rana ta talatin da biyar ina riƙe da igiya sai na ga abin da na yi kwana shida ina kallo ban gani ba. Igiyar ba a miƙe take ba. Ta karkace, tana ja kudu maso yamma kamar akuya mai son komawa gida.

Na kira Barmo na ɗora hannunsa a kai. "Sama ta tsaya, amma kogin bai tsaya ba. In ya iya jan darma, zai iya jan abin da ya fi ta faɗi."

"Malama, jirgina kike so a ɗaura wa jaki a ƙarƙashin ruwa?"

"Kana da wani jakin a sama?"

Ya dube ni, ya dubi zanen da ba ya motsi. Ya sa aka kwance shi, aka ɗinke shi a bakin manyan kwanduna shida, aka zuba duwatsu, aka saukar da su da igiyoyi har cikin kogin. Can sai igiyoyin suka ɗaure, katakon gaba ya yi ƙara, jirgi ya gusa. Mutane suka yi kabbara. Amma tafiya ce irin ta tsohuwa mai ciwon gwiwa, kuma ba yadda za mu yi mu ƙara mata sauri.

Ranar arba'in ta zo. Na goge layin ƙarshe. Ba abin da ya faru, ruwa yana nan yadda yake, mai dafa abinci ya ɗora tukunya. Washegari na tsaya gaban bangon da allin a hannu, ban san abin da zan yi da shi ba.

A rana ta arba'in da huɗu man kaɗanya ya fito da baƙin yashi, na ɗiga rini, masu katangar tsakuwa suka yi ja. A ta arba'in da shida, da la'asar, muka hangi hayaƙi yana tashi daga ruwa, da wasu baƙaƙen tudun yashi, da Balbela kwance a kan haƙarƙarinta.

Mutum ashirin da biyu muka tarar. Ba wanda ya iya tashi ya tarye mu. Da ruwansu ya ƙare sun koma matse raɓar da ke sauka a zanen jirgi. Muka bi su ɗaya ɗaya muna ɗiga musu ruwa a baki. Na duba fuska ashirin da biyu, na sake dubawa. Sarkin jirginsu, Jatau, yana jingine da katako, leɓensa duk ya tsage.

"Baba Jatau, ina Yalwa?"

Ya juya kai wajen wani tudu. Kaburbura tara ne a jere. "Na ƙarshen nan. Kwana huɗu ke nan."

Sai da ya sha ruwa ya huta sannan ya iya ba ni labari. Ranar da abin ya faru Yalwa ta wanke taɓo sau bakwai, ta ga masu yatsu biyar, ta ce iska ta kai su gefen Murjani, kuma kundi ya ce a can zurfi yana hannun dama. Suka juya dama, suka hau yashi. Itacen zane ya faɗo ya karya mata ƙafa. Nan take suka saki tattabara.

"Kwana biyu bayan haka," in ji Jatau, "ta ce in ba ta ruwa ta wanke wani taɓon, ko za ta gane inda muke. Na ce ko ɗigo ba zan bayar ba. Ta yi fushi, ta zuba masa ruwan teku a ƙoƙo, ta zauna tana harararsa. Can sai muka ji ta ƙwala ihu, 'Baba Jatau, suna motsi!' Tana dariya har muka ɗauka zazzaɓi ne. Sai kuma dariyar ta yanke. Ta ce, 'Babu wata tattabarar?' Na ce ke ma kin san ɗaya ce."

Ya sa aka jawo wani faffaɗan katako daga ƙarƙashin jirgin. Zane ne da gawayi, iri goma sha bakwai, da zarensu a miƙe, babu ko ɗaya a kundinmu. Na farko shi ne mai katangar baƙin yashi. A ƙasa ta rubuta: "Waɗannan su ne masu gida. Fararen baƙi ne."

"Ta ce wani abu game da ni?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Kullum da safe sai ta sa a juya ta ta fuskanci arewa. Ta ce, 'Allah ka sa Yaya ta yi ƙiwa, yau ɗaya tak.' Sai kuma ta yi murmushi ta ce, 'Ba za ta yi ba. Sau bakwai za ta wanke.'"

Na je na zauna a gefen kabarin. Yashin yana da ɗumi. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da Barmo ya zo ya ce iska ta taso.

Daga wurin nan zuwa Tarwasa, arewa sak, kwana goma sha biyu ne. Na ƙirga su ɗaya ɗaya. Da ban wanke ba, da na ga baƙin yashi na san ba Murjani ba ce, da mun bi sawun Balbela kudu, da mun iske su a rana ta goma sha bakwai randunansu ko rabi ba su kai ba.

Da muka isa, na tara gidaje goma sha ɗaya a zauren masu karatu. Na jingina katakon Yalwa da bango, na ajiye ƙwarya da taɓo da ruwan teku a tsakiya, na roƙe su su zauna daga hantsi zuwa azahar. Magajiyarmu, babbar masu karatu, ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Tasalla, mun san baƙin ciki ne. Allah ya ji ƙanta. Ɗauke wannan ƙazantar daga zauren kakanninmu." Suka tashi suka fita. Mutum biyu suka rage, suka leƙa madubin.

Yau shekara shida ke nan. Gida uku sun daina wanki bakwai, takwas suna nan a kan nasu, kuma jiragensu suna fita kowane wata. A kasuwa Tasalla mai ƙazamin kwano ake ce mini, na kuma saba amsawa. Kundin gidanmu ya kai iri ɗari shida da tara, goma sha bakwai na farkon sabon babi ba hannuna ba ne, kwafa na yi daga katako. Kowane hantsi nakan zuba ruwan teku a ƙwarya in zauna in jira su fito. Wani lokaci in na ɗaga moɗa sai in ji ana cewa, Yaya, ya isa haka. Sai in ajiye.

Iyakar tsawon igiyata ke nan, ya ku masu sauraro. Abin da ya manne a kitse shi na jawo muku, kuma ban wanke shi ba.